Sony a6000 ta hannu: me take iya yi da hoton da ba a shirya masa ba?

Daga lokacin da ɗan akuya ya yi tsalle daga kan turmi zuwa lokacin da ƙafafunsa suka taɓa ƙasa, da ƙyar a cika rabin sakan. Dariyar mai shayi idan wani ya tsokane shi, ita ma ba ta wuce haka. Mai son irin waɗannan hotuna, na mutane da dabbobi suna cikin harkarsu ba wanda ya ce musu su gyara tsayuwa, ba yawan megafiksel ne ya dame shi ba. Abin da yake nema shi ne kyamara ta farka da wuri, ta kama saiti (focus, wato abin da ake ɗauka ya fito tas) da wuri, ta ɗauka kafin abin ya wuce, kuma kada ta zama ƙatuwar da duk kasuwa za ta juyo tana kallo. Da wannan mudu za a auna Sony a6000 a nan. Maganar bidiyo da hoton situdiyo wani zance ne daban.

Kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fitar da ita a 2014, a kan kimanin dala 650 jikinta kaɗai, dala 800 idan an haɗa da ƙaramin idon nan na 16-50mm, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara (lens). Yanzu galibi ta hannu ake samu, kuma farashinta yana bin dala da lafiyar jikinta, don haka ciniki ne tsakaninka da mai kaya. Ba ta da madubi a ciki irin na manyan Canon da Nikon da masu hoton biki ke rataye da su, shi ya sa ta fito 'yar ƙarama: gram 344 da batir da memori, ƙaramin idon kuma gram 116. Duka ba su kai rabin kilo ba, kuma tana shiga aljihun gefe na kaftani idan telan bai yi rowar yadi ba. Sensarta, wato farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, milimita 23.5 ce a 15.6, mai megafiksel 24, ta ninka ta yawancin wayoyi sau da yawa. Tana da ɗigon kama saiti guda 179 da suka bazu kusan ko'ina a faɗin hoton, tana kuma iya ɗaukar hoto 11 a sakan ɗaya tana bin abin da ke motsi. A 2014 wannan abin mamaki ne a wannan farashi, kuma har yau ya wadatar da mai ɗaukar yara a tsakar gida ko raguna a kara.

Sai dai duk wannan ƙarfi nata a ɓoye yake. Wanda ya saye ta ya bar ta a saitin da ta zo da shi, ya fita, zai dawo da hotuna masu dishi-dishi da mataccen batir, ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba, saitin ne bai dace da wannan aiki ba.

Matsalar 1/60

Babban aibinta ga mai wannan aiki ba a rubuce yake a kwali ba. Idan ka sa majuyin sama a kan A ko P ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, ya zaɓi kansa, da zarar haske ya ragu, a rumfar kasuwa ko zaure ko bayan la'asar sakaliya, kyamarar kan sauko da saurin ƙiftawarta, wato tsawon lokacin da take barin haske ya shiga, zuwa wajen 1/60 na sakan ta tsaya nan. A lissafinta, wannan ya isa hana girgizar hannunka ta ɓata hoto. Lissafin daidai ne idan bango kake ɗauka. Amma hannun mai dambun nama da ke juya cokali, da kan kazar da ke tsattsagar hatsi, da leɓen tsohon da ke ba da labari, duk sun fi 1/60 sauri. Sai ka ga buhunan da ke bayan mutum sun fito tas, fuskarsa kuwa ta shafe. A ƙannenta da suka fito bayanta, a6300 da a6400, an sa wurin da za ka gaya wa kyamara kada ta sauka ƙasa da kaza. A a6000 babu shi.

Maganin yana da sauƙi. Ka mayar da majuyin kan M, ka zaɓi saurin ƙiftawa da faɗin ƙofar haske (lambar f: ƙaramar lamba, babbar ƙofa) da kanka, ka bar ISO a kan AUTO, ka kayyade masa iyaka daga 100 zuwa 3200. Ta haka kai ke riƙe da abubuwa biyun da ke gyara hoto ko ɓata shi, ita kuma tana daidaita haske yayin da kake shiga inuwa kana fita rana. Ko a M ɗin, muddin ISO na kan AUTO, kana iya ƙara haske ko rage shi ta maɓallin Fn. In M ta ba ka tsoro, S ma ta yi: ka zaɓi sauri, ta zaɓi sauran.

Saurin kuwa ya danganta da abin da ke gabanka. Mutum a zaune yana hira, 1/250. Mai tafiya, mai tura baro, jaki da kaya, 1/500. Yara suna langa ko guje-guje, 'yan awaki, kare, raguna suna karo, 1/1000. Doki a sukuwa ranar hawan sallah, 1/1000 zuwa 1/2000, musamman idan yana gitta ka ne ba tunkaro ka yake ba, domin abin da ke gittawa ya fi saurin ratsa faɗin hoto. Tantabaru suna tashi daga ɗaki, 1/2000 idan kana son gashin fiffike ya fito ɗaya-ɗaya. Iyakarta 1/4000, kuma wannan iyaka tana da nata tarko. A tsakar rana, ISO 100 da f/8 suna neman kusan 1/400, f/4 kusan 1/1600, f/2.8 kusan 1/3200. Wanda ya sayi ido mai f/1.8 ya buɗe shi duka da azahar don bayan hoto ya narke, yana buƙatar kusan 1/8000, wanda ba ta da shi. Hoton zai ƙone fari fat. Da rana tsaka kada a wuce f/2.8, sai dai a ɗaura wa idon baƙin gilashi mai rage haske.

Majuyin sama yana da wuri mai alamar MR inda ake ajiye saiti uku. Abin da ya fi dacewa shi ne na ɗaya ya zama na rana (1/1000, f/5.6), na biyu na inuwa (1/250, ƙofa a buɗe), na uku na gudu (1/2000 da ɗauka a jere). Mutane da yawa suna shekara da kyamarar ba su taɓa leƙa wannan wuri ba.

Kama saiti a fuskar mutum da ta dabba

A kan mutane ba ta da laifi. Ka sa ta a AF-C, wato ta ci gaba da gyara saiti muddin yatsanka na kan rabin maɓalli, ka kunna gane fuska, ka bar filin a kan Wide. Da rana tana kama fuska nan take, tana bin ta ko mutum na tunkaro ka. Tana da gane ido ma, amma na wanda ke tsaye cik ne, sai ka danna wani maɓalli daban, kuma ba ya bin motsi. Ga hoton ba-zata amfaninsa kaɗan ne.

A kan dabbobi ne gizo ke saƙar. Ba ta san fuskar dabba ba ko kaɗan. Gane idon dabba sai a a6400 da a6100 na 2019 aka same shi. Idan ka bar ta a Wide, yawanci abin da ya fi kusa da ita take kamawa. A jikin saniya kuwa abin da ya fi kusa shi ne hanci, a jikin raƙumi leɓe, a jan sa na Bororo ƙaho. Da idon 35mm a f/1.8 daga nisan mita biyu, zurfin wurin da ke fitowa tas bai wuce santimita 25 ba, alhali daga hancin raƙumi zuwa idonsa ya fi haka. Sakamakon shi ne hanci mai sheƙi da ido a dushe, kuma hoton dabba idan ido bai fito ba ya tashi aiki. A f/5.6 daga wannan nisa zurfin yana kaiwa kusan santimita 75, wanda ya ɗauke kan gaba ɗaya. Saboda haka ga dabba mai dogon baki, a rufe ƙofar zuwa f/5.6, a canja filin zuwa Flexible Spot matsakaici, a ɗora ɗigon a kan ido. Allonta ba na taɓawa ba ne, sai an danna maɓallin tsakiya an tura ɗigon da kibiyoyi, kuma wannan yana cin lokaci. Dabarar da ta fi sauri ita ce a ajiye ɗigon tun farko a inda ake son idon ya faɗo, misali sulusin sama ta dama, sannan a motsa kyamarar har idon dabbar ya shiga cikinsa.

Ga garke da ke tahowa, ko kaji da ke warwatse, Zone ya fi: murabba'i ne babba da ke hana ta tsallakawa ta kama kara ko dangar da ke gefe. Akwai kuma Lock-on AF mai bin abu guda, amma a cikin cunkoso yana da saurin sakin wanda ka nuna masa ya koma wa wani mai kama da shi. A kara irin ta Wudil ko Maigatari, inda fararen shanu suka cika ko'ina, kada a dogara da shi.

Akwai tsohuwar hanyar da ba ta buƙatar kyamara ta yi tunani. A sa idon a 20mm, ƙofa f/8, a koma saitin hannu a tsayar da shi a mita biyu da rabi. Duk abin da ke tsakanin mita ɗaya da kwata har iyakar gani zai fito. Babu jira, dannawa kawai. A lungunan cikin birni inda yaro kan ɓullo daga kwana da gudu, ba abin da ya kai ta. Abin lura shi ne ƙaramin idon 16-50 na lantarki ne, idan kyamarar ta yi barci ko aka kashe ta, yana komawa ciki ya mance inda ka bar shi, sai an sake saiti.

Ɗauka a jere tana da mataki uku: 11 a sakan, 6, da kusan biyu da rabi. Kowa na rububin 11, amma 6 ya fi amfani a yawancin lokaci. A 11, abin da kake gani a tagar leƙe hoton da aka riga aka ɗauka ne, ba abin da ke faruwa yanzu ba, sai doki ya fice daga hoton kana bin inuwarsa. Sannan a RAW, wato ɗanyen hoton da ake gyarawa a kwamfuta, bayan hoto ashirin da 'yan kai ma'ajiyar wucin gadinta ta cika, wato ƙasa da sakan biyu da rabi, sai ta tsaya tana zubawa a memori. A wannan lokaci ba za ta bar ka ka shiga jerin saituka ba. In memorin mai nawa ne, jiran yana da tsawo, kuma galibi a cikinsa ne ragon zai yi abin da ka zo dominsa. A sayi memori mai alamar U3, a kuma saba da danna gajere: hoto uku ko huɗu, a ɗaga yatsa.

Ƙananan abubuwan da ke tona asiri

Allon bayanta yana lanƙwasowa sama, kuma wannan ne ya fi komai amfani a jikinta ga mai wannan aiki. Ka riƙe ta a daidai cibiya kana kallon ƙasa, mutane ba sa jin an auna su kamar yadda suke ji idan an ɗora kyamara a ido. Ga dabbobi kuma, hoton kaza ko kyanwa daga tsaye ba ya nuna komai sai gadon baya. Sai an sauko da kyamarar daidai idonta, tafin hannu ɗaya daga ƙasa, sannan take zama halitta mai fuska. Amma akwai wata 'yar sensa kusa da tagar leƙe da ke kashe allo idan ta ji an kusanto. Ba ta bambance ido da riga. Da ka matso da kyamarar jikinka sai allon ya yi baƙi ƙirin, ka zaci ta lalace. A shiga FINDER/MONITOR a tsayar da ita a kan allo kawai. Da rana kuma allon ba ya ganuwa sai an sa haskensa a Sunny Weather, wanda ke shan batir.

Tana da wata fitila mai ruwan lemo da ke kunnuwa a duhu don taimaka mata kama saiti. Ba abin da ke razana kyanwa ko sa yaro ya juyo kamar ta. A kashe AF Illuminator, a kashe ƙarar tsit-tsit da ke ƙarƙashin Audio signals, a kashe Auto Review da ke toshe maka gani da hoton da ya wuce. Jan maɓallin bidiyo yana gefen da babban yatsa ke gogawa, a saita shi ya yi aiki a yanayin bidiyo kawai.

Abin da ba a iya kashewa shi ne ƙarar ƙiftawar kanta. a6000 ba ta da ɗauka cikin shiru. Barin e-Front Curtain a kunne yana rage ƙarar zuwa ƙas guda ɗaya, amma ana jin ta. A Kurmi ko tashar mota hayaniya ta haɗiye ta. A zaure mai shiru, ko kusa da tsuntsu, ko wurin da tsofaffi ke dara, hoto na farko kawai kake da shi; na biyu kowa ya ɗago. Wannan rashi ne na gaske, kuma wayar da ke aljihunka ta fi ta a nan.

Ƙarar tana da alaƙa da yadda ake shiga mutane. Hoton ba-zata ba ya nufin hoton sata. A yi sallama, a ce, "Sannu da aiki, Baba. Ragon nan ya burge ni, ko zan iya ɗaukar hotonku tare?" Idan ya yarda zai miƙe ya gyara hula ya ƙame. A ɗauki wannan, a nuna masa a allo, sannan a zauna. Bayan minti goma mai saye zai zo, ciniki ya kaure, a mance da kai, kuma a nan ne hoton yake. Mace ba a ɗaukarta sai da yardarta a fili, yara sai da izinin iyaye ko malaminsu, shingen jami'an tsaro da bariki kuwa ko kusa kada a nuna musu kyamara. Wanda ya ce a'a, a sauke ta inda zai gani.

Haske a ƙasar da rana ke da ƙarfi

Ma'aunin haskenta yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki, kuma abubuwa biyu da ke gabanmu kullum suna ruɗa shi. Na farko farar shadda a rana tare da baƙar fuska ƙarƙashin hula ko rawani. Kyamarar takan bi farin ta rage haske, fuska ta nutse. Idan ka ƙara da yawa, aikin da ke jikin rigar ya ƙone. A kunna Zebra a 100+, wanda ke zana layuka a duk inda fari ya ƙone, a ƙara haske har layukan su fara bayyana a kafaɗa, a ja baya mataki ɗaya. Sannan a sa DRO a mataki na 3 ko 4, yana ɗago inuwa a JPEG, wato hoton da kyamara ta gama gyarawa da kanta, ba tare da taɓa farin ba. Ragon Uda, mai gaba baƙi ko ja da baya fari, jarrabawa ce iri ɗaya. A RAW sensar tana da juriya, ana iya ɗago inuwa mataki biyu a kwamfuta hoton bai lalace ba, amma farin da ya ƙone ba ya dawowa.

Na biyu hazon hunturu. Sama takan yi fari, ma'auni ya zaci haske ya yi yawa, sai duk abin da ke ƙasa ya yi duhu. A ƙara +0.7 zuwa +1. In ban da ƙurar, hasken hunturu yana da kyau ƙwarai ga fuska, domin hazon ya tausasa rana, inuwar hula ba ta yanke ido.

Da dare, ISO 1600 tsaf yake, 3200 yana da 'yan tsaki-tsaki amma ya yi, 6400 sai dole. Jikinta ba shi da abin hana girgiza, sai idon da aka rubuta wa OSS, kuma shi ma girgizar hannunka kawai yake tarewa, ba motsin mai tsire ba. A ƙarƙashin wasu fitilun lantarki haske na iya bambanta daga hoto zuwa hoto, domin wutar Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a sakan. 1/100 ko 1/50 yana daidaita shi. 'Yar filashar da ke samanta ba ta da ƙarfi, kuma hoton da aka haska da ita ya daina zama na ba-zata.

Wane ido za a ɗaura mata

Na 16-50 da take zuwa da shi ana yawan kushe shi fiye da laifinsa. A 16mm gefunansa suna da laushi kuma yana lanƙwasa layi, sai kyamarar ta gyara a JPEG. Daga 20 zuwa 35mm a f/5.6 ko f/8 kuwa ba abin kunya. Aibinsa biyu ne: a 50mm ƙofarsa f/5.6 ce kawai, ba ta isa inuwa ba, sannan sai ya miƙo kansa duk lokacin da aka kunna, abin da ke sa tashin kyamarar ya kai wajen sakan biyu. Sakan biyu ya ishi ɗan akuya ya dira sau huɗu.

Wanda zai ƙara ido ɗaya, Sony E 35mm f/1.8 OSS ne ya fi dacewa da ita: gram 154, yana da abin hana girgiza, ba ya miƙewa ba ya komawa. Sigma 30mm f/1.4 DC DN ya fi shi kaifi da shan haske, amma ya fi nauyi kuma ba shi da OSS. Na 55-210mm yana da araha kuma yana amfani ga dawakai da tsuntsaye da rana, sai dai a ƙarshensa f/6.3 ne, da yamma ta yi ya gama aiki. Ga mutane kuwa dogon ido yana ba da hoton leƙe daga nesa, wanda ba shi da ɗumi, kuma wanda aka kama yana yi ba ya samun uzuri.

Batir da ƙura

Batirinta NP-FW50 ƙarami ne. A gwajin masana'anta yana ba da hoto kusan 360 da allo, 310 da tagar leƙe. Mai yawo da ita a kunne yana jiran abu ya faru ba zai ga wannan adadi ba, domin allon ne ke shan wuta, ba dannawa ba. A kunna Airplane Mode, a kashe Pre-AF da ke sa ido yana ta neman saiti ko ba ka taɓa komai ba, a tabbata Remote Ctrl a kashe yake, don idan yana kunne kyamarar ba ta barci. Lokacin barci a sa shi minti biyar: ƙasa da haka za ta riƙa kwanciya a daidai lokacin da ake buƙatarta. Yini guda yana son batir uku. Ba ta zo da cajar waje ba, a cikinta ake caji ta USB, yana ɗaukar kusan awa biyar, kuma ba a aiki da ita tana caji. A inda wuta ba ta da tabbas, caja mai gida biyu da ke aiki da fawa banki ta zama dole. Batiran da ba na kamfani ba suna aiki, amma wasu kan faɗo daga kashi talatin zuwa sifili farat ɗaya, wanda kuma ya fara kumbura a jefar da shi kafin ya maƙale a ciki.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabarta. Jikin ba shi da robar da ke toshe ƙura ko ruwa, kuma da yake babu madubi, da ka cire ido sensar tana nan tsirara. Kada a canja ido a fili lokacin hunturu. In ya zama dole, a kashe kyamarar, a juya bakinta ƙasa, a ba iska baya, a yi shi cikin sakan kaɗan. Idon da ke miƙewa yana komawa, kamar 16-50, yana zuƙar ƙura da kansa, wani dalilin ke nan na fifita 35mm. Ana gane ƙurar sensa ta hanyar ɗaukar farin bango ko sama a f/16: ɗigon da ke fitowa wuri ɗaya a kowane hoto, shi ne. A fara da Cleaning Mode, sannan robar hura iska, bakin kyamara na kallon ƙasa. Kada a hura da baki, kada a sa auduga ko gefen riga. Wanda ya ƙi fita sai da sandar goge sensa mai girman APS-C, wato girman sensarta, da ɗigo biyu na ruwanta, shafa ɗaya kowane gefe. An ƙera ta ta yi aiki daga digiri 0 zuwa 40, kuma zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai yana wuce haka, don haka ba a barinta a mota a rana. Da damina kuma danshi ke sa gansakuka a cikin ido. A ajiye ta a roba mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi.

Tura hoto zuwa waya yana yiwuwa ta Wi-Fi da manhajar Imaging Edge Mobile, amma yana da jinkiri da yawan yankewa, kuma idan ba a canja ba yakan turo ƙaramin kwafi mai megafiksel biyu. 'Yar na'urar karanta memori da ake soka wa waya ta fi sauri nesa ba kusa ba. RAW ɗaya kusan megabait 24 ne, memori mai 32GB yana ɗaukar sama da dubu.

Kafin a biya kuɗi

A tafi da memori na kai. A ɗauki hoto a jere a 11 har ta cika, sau biyu ko uku. In ta nuna saƙon Camera Error tana neman a kashe a kunna, mai yiwuwa labulen ƙiftawarta ya kusa mutuwa, kuma gyaransa na iya cin rabin kuɗinta. Adadin hotunan da ta taɓa ɗauka ba ya cikin jerin saituka, amma yana ɓoye a cikin kowane JPEG da ba a taɓa ba, akwai shafukan intanet da ke karanta shi kyauta. A yi gwajin farin bango a f/16: ƙura ba komai ba ce, amma dogon layi ƙarzuwa ce, a bar ta. A haska tocilar waya ta cikin idon a duba zare-zare irin na gansakuka. A juya majuyin baya a hankali a ga ko lambobi suna tsallake, alamar ƙura ta shiga ciki. A zuƙo idon 16-50 a mayar sau da yawa a saurari ko yana kukan yashi. A lanƙwasa allon sama da ƙasa a ga ko hoton yana ɗaukewa, domin siririyar wayar da ke bayansa tana gajiya.

Sannan a tambayi kuɗin a6400 ta hannu a wannan shago. Idan tazarar ba ta da yawa, ita ce ta fi: tana gane idon dabba, tana ɗauka shiru, allonta na taɓawa ne, jikinta ya fi jure ƙura, kuma tana amfani da ido da batir iri ɗaya. Idan kuwa tazarar ta isa sayen 35mm f/1.8 da batir biyu da caja, a ɗauki a6000 da su, domin a6400 da idon 16-50 kaɗai za ta sha wuya a rumfar da a6000 da 35mm ke aiki cikin sauƙi. Wanda yawancin hotunansa a ɗaki ne da dare, ko a wurin da ƙara ke damun mutane, ya tara kuɗinsa ya jira.